Shafi na Talatin da Huɗu

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, sanyin ƙasar da kike kuma bai ƙarasa ɗan naman da ya rage a jikinki ba. Mu nan lafiya lau, in ban da ƙaramar yarinyar da ta yi zazzaɓi, ta kuma warware. Na biya wajen Gwaggo, mahaifiyarki, a hanyar dawowa daga masaƙa. Ƙafar tana damunta, amma bakin yana nan daram. Duk wanda ya gifta layin sai ta tare shi ta gaya masa autarta tana can tana aikin kwamfuta. Har Mai Walda da ya zo sa mata sabuwar ƙofa bai tsira ba, yana aiki tana zuba masa labarinki, mutumin da ko dariya ba a taɓa ganin ya yi ba.

Kin san ni da waya, yatsuna sun fi ƙarfinta. A takarda na rubuta, matata za ta ɗauki hoto ta turo miki kamar kullum.

Ga abin da ya zaunar da ni. Jiya na jefi bango da littafin da kamfanin da ya haɗa mana tukunyar tururi ya ba mu. Da na je ɗauko shi sai na tarar ya buɗe a shafin ƙarshe, an sa da ƙananan baƙaƙe sunan manhajar da aka tsara shi da ita, sunan nan da kika ce a kansa kike aiki. Na ce ashe mai laifin 'yar gida ce.

To ki saurari ɓarnarku. A kwamfuta abin gwanin kyau, gargaɗi ja wur, jadawali a shimfiɗe. Amma mu ba kwamfuta muke saɓawa mu sauka wajen bututu ba, takarda muke riƙewa da hannu duk baƙin mai. A takardar jan nan ya koma toka-toka. Jadawali ya tsinke biyu, rabinsa a bayan shafi ba kai ba alama. Ɗinkin littafin ya cinye farkon kowane layi. Wanda ya fi ƙona mini rai, gargaɗi yana gindin wani shafi, aikin da ake gargaɗi a kansa yana wani shafin. Da haka na ƙona babban yatsana, fatar ta saluɓe kamar ta dafaffen tumatir. Da wanda ya tsara wannan abu yana gabana a lokacin, sai an ƙwace shi a hannuna.

Kada ki ɗauka littafin ado ne a wurinmu. Ɗakin tukunya ba a jin magana, ko ihu ka yi bakinka kawai za a ga yana motsi. Ni ina sama bayan gilashi ina kallon agogunan matsi, Bahago, ƙanin Mai Walda ɗin nan, yana ƙasa wajen bawul, wato abin buɗewa da rufe bututu. In ina son a yi wani aiki sai in rubuta lambar shafi da alli a kan allo in manna a gilashi, shi kuma ya buɗe nasa littafin da ke ɗaure da sarƙa a jikin ginshiƙi ya yi abin da ke shafin. Haka muka tarar ana yi, haka muke yi.

Ki gyara mana, ko kuma ki bar gaya wa mutane ke injiniya ce. Ki gaida abokan aikinki, in sun cancanci gaisuwa.

Yayanki.

Zuwa ga Yaya,

Wa alaikumus salam. Na sami wasiƙarka, na yi murna da jin yarinya ta samu sauƙi. Ni lafiyata ƙalau, naman jikina kuma yana nan inda ka bar shi. Yatsan da ya ƙone Allah ya ba shi lafiya, ko da yake na san wanda ya fi shan wahala a ranar bangon ne. Maganar allo da alli kuwa ta sa ni dariya har maƙwabciyar teburina ta juyo. Injin zamani, saƙon 'yan aji ɗaya.

Gaskiyarka, kuma na ji kunya. Yadda abin yake, masu injin suna rubuta bayaninsu sau ɗaya, manhajarmu ita ce take fitar da shi ta ƙofa biyu, ɗaya shafin intanet, ɗaya littafin bugawa. Mu duka a gaban kwamfuta muke wuni, sai muka yi ta lallaɓa ƙofar farko muka bar ta biyun tana tsatsa. Babu wanda ya taɓa buga shafi ɗaya ya riƙe a hannu. Da na karanta musu ƙorafinka, wani ya ce ai zamanin takarda ya wuce. Na buga shafin jadawalin na dangwara masa a gaba na ce ya karanta mini layi na ƙasa. Har yanzu ba ya gaishe ni da kyau.

Na tsaya kai da fata na gyara. Yanzu gargaɗi ba ya rabuwa da aikinsa, in aikin ya tsallaka shafi tare za su tsallaka. Na zagaye shi da baƙin layi mai kauri wanda ko tawada ta kusa ƙarewa zai fito. Jadawali in ya tsinke, kansa zai sake fitowa a sabon shafin. Na faɗaɗa gefen da ake ɗinkewa, na ƙara wa baƙaƙen girma saboda tsofaffi irinka. A intanet ma na sa wurin nema a sama, shafin kuma yana shiga waya ba sai an yi ta jan sa hagu da dama ba.

Kamfanin tukunyarku sun riga sun sake fitar da littattafansu da sabon tsarin, yana shafinsu. Ka sa a sauko maka da shi a buga. Kada ka ji tsoro, ban taɓa ko kalma ɗaya ba. Littafinku ne, wanka kawai na yi masa.

Ka gaida matarka da yara. Ka ce wa Inna ta rage tare mutane a hanya.

Ƙanwarka, Auta.

Auta,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya. Gida lafiya, Gwaggo lafiya. Ni jikina babu ciwo, amma ban san yadda zan gaya miki sauran ba. Bahago yana asibiti.

Na kai littafin shagon buga takardu na bakin masaƙa. Ya fito da kyau, har na riƙa nuna wa mutane. An gama kwafi ɗaya aka ɗauke wuta, na ce na biyun sai wani mako. Manaja ya gan shi a hannuna ya tambaya ko wani abu ya canza, na ce ko kalma ɗaya, bangon ma iri ɗaya ne. Na ajiye sabon a sama wajena, tsohon yana ƙasa a sarƙarsa.

Da safe muna cikin aiki ƙararrawa ta ɗauka, ruwa ya ragu a layin da ke shiga tukunya. Abu ne da ba ya yawan faruwa, ban haddace shafinsa ba. Na buɗe littafi, ga shi nan ɓaro-ɓaro a shafi na talatin da huɗu, a rufe wannan layin a juya ruwa ta ɗaya bututun. Na rubuta talatin da huɗu na manna a gilashi. Bahago ya buɗe nasa, ya duba, ya ɗago kai ya kalle ni. Ya sake dubawa, ya girgiza kai. Allurar matsi tana hawa, kaina ya ɗau zafi, kin san halina. Na dunƙule hannu na buga gilashin, na sake bugawa har ya tsage, na nuna masa allon. Sai ya ɗauki sifana, ya wuce bawul ɗin da nake nufi, ya je ya fara kwance murfin matatar ruwa, wanda ba a taɓawa sai layin ya huce.

Na yi ihu, a ɗakin da ba a jin ihu. Murfin ya tashi ya daki rufi. Tururin ya same shi a fuska da ƙirji ya yi jifa da shi jikin ginshiƙi, ɗakin ya yi fari fat ban ga komai ba. Na kashe wuta na gangara, ban san sanda na tsallake matakalar ba. Da muka jawo shi na kama shi a damtse, fatar ta biyo hannuna. Rigarsa ta manne da naman. Bakinsa a buɗe yake, yanzu da injin ya mutu sai muka ji abin da yake fitowa daga ciki, kuma har yau ina jin sa. Idanunsa sun kumbura sun rufe. Likita ya ce zai rayu, maganar gani kuwa sai an kwance bandeji.

Tsohon littafin ya dahu ya koma dunƙulen takarda, babu shafin da ake iya buɗewa. Allon an tattake shi wajen gudu. Manaja ya ce tunda littattafan iri ɗaya ne, to ni na rubuta lambar da ba ita ba, ya dakatar da ni. Ma'aikata duka sun ga yaron ya ƙi, sun ga na buga gilashi. A ƙofar asibiti Mai Walda ya shaƙe ni da hannu ɗaya ya haɗa ni da bango har na ga duhu, sai da masu gadi suka ɓamɓare shi. 

Na rantse miki talatin da huɗu na gani, ita na rubuta. Ina zaune da littafin a gabana yanzu, sai nake ganin kamar ya fi tsohon kauri. Auta, ki gaya mini me ya kai Bahago wajen matatar ruwa.

Yayanki.

Yaya,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ka, ina yi maka sannu, ina roƙon Allah ya tashi kafaɗar Bahago ya bar masa idanunsa. Ni ba ni da lafiya tun da na karanta wasiƙarka.

Lambar da ka rubuta daidai ce a littafinka. Manhajarmu tana riƙe da kowane tsohon tsari, na koma na sake fitar da littafin yadda yake kafin in sa hannu. A tsohon, juya ruwa yana shafi na talatin da ɗaya. Talatin da huɗu shi ne wanke matatar ruwa. Gargaɗin cewa sai layi ya huce yana can gindin shafin da ya gabace shi, irin abin da ka yi ƙorafi a kai. Wataƙila da ka matsa masa sai ya ɗauka ka riga ka rufe layin daga sama.

Da na ce ban taɓa kalma ba, kalmomin nake nufi. Amma in ka ƙara wa baƙaƙe girma, ka faɗaɗa gefe, ka hana gargaɗi rabuwa da aikinsa, dole komai ya matsa gaba. Mu a nan ba ma kallon lambar shafi a bakin komai, a intanet ma babu ita sam. Ka rubuto mini da hannunka cewa da lambar shafi kuke magana, na karanta, na yi dariya, na wuce. Ban sa kwanan wata a bango ba, ban sa alamar sabon bugu ba. Ina jin kamar in fasa kwamfutar nan da kaina.

Na haɗo maka hotunan shafukan biyu, tsoho da sabo. Ka kai wa Manaja, ka kai wa yayan Bahago, su gani da idonsu ba kai ka yi kuskuren lamba ba. In ana son wanda zai yi bayani, ga ni, a ba su lambata. Kada ka bari a shafa maka kashin kaji a kan abin da na yi.

Ka kula da kanka, ka rage fita. Ka rubuto da wuri.

Auta.

Auta,

Salam. Da hannun hagu nake rubutu, ki yi haƙuri da shi. Yara lafiya. Bahago yana nan yadda yake, ba a kwance bandejin ba.

Mai Walda ya zo da hantsi, shi da mutum biyu daga shagonsa. Ina ɗaura takalmi a bakin ƙofa zan tafi asibiti. Ya tambaya da wane hannu na buga gilashin. Kafin in amsa sun danne ni, ɗaya ya zauna a bayana, ɗaya ya take mini wuyan hannu a kan dakali. Ya sa rodi. Na ji ƙarar ƙashin kafin in ji zafin. Ya sake saukewa a kan yatsun, sannan suka bi ni da ƙafa a haƙarƙari har na yi aman jini. Matata ta fito da taɓarya, suka hankaɗe ta ta faɗa kan kwanuka, yaran suna tsaye a tsakar gida suna kallo. Wayata ya taka ta da diddige. Maƙwabta sun leƙo, sun ga rodi, sun koma.

Da ya gama ya tsuguna a kaina, numfashinsa ko sauri bai yi ba. Ya ce, "Wannan na hannu ne. Ranar da aka kwance bandeji, in ƙanina bai gani ba, kai ma ba za ka gani ba."

Ya ce ya ji ana raɗe-raɗin sabon littafi, wai wata 'yar'uwata ce ta turo. Ya tambaya wace ce. Na ce ni ba ni da wata 'yar'uwa mai wannan aiki. Ya sake tambaya da rodin a kan kuncina, na sake faɗa.

Haka maganar za ta zauna. Hotunan da kika turo na sa an goge su. Kada ki sake turo komai. Kada ki rubuto, kada ki kira gidan nan. Kada sunanki ya fito ko'ina. Hannun ya gaji.

Yayanki.

Yaya,

Assalamu alaikum. Ka hana ni rubutu, ga shi na rubuto, in ka ga dama ka sa a goge wannan ma. Ya hannun, ya haƙarƙarin? Ya matarka da ta faɗi, ya yaran da aka sa su kallon wannan abu? Ni ina nan da rai, abin da zan iya cewa ke nan.

Makonni ke nan ina aika saƙo ba amsa. Na kira wayar matarka ta yi ta ringi har ta gaji. Inna in na tambaye ta sai ta ce kana jin jiki, wai faɗuwa ka yi, ashe ita ma ba ku gaya mata komai ba. Na karanta wasiƙarka ta ƙarshe har na haddace ta. Ba ka da 'yar'uwa mai wannan aiki. Na ji, kuma ban ga laifinka ba. Ni ma da wani ya jawo aka farfasa mini hannu a gaban 'ya'yana, ba zan so jin sunansa ba. Amma ya yi mini ciwo, Yaya, ya yi mini ciwon da ban taɓa ji ba. Kai ka riƙa ɗaukata a wuya kana kai ni makaranta.

Ka yi fushi da ni iya son ranka, amma ba zan zauna ina kallo a cire maka ido saboda taurin kanka ba. Ka goge shaidar da za ta cece ka don kawai daga hannuna ta fito. Wannan ba jarumta ba ce.

Ga abin da na yi. Na gaya wa shugabanmu komai, muka dakatar da sabon tsarin. Yanzu duk littafin da manhajar ta fitar yana ɗauke da kwanan wata da lambar bugu a gindin kowane shafi, kowane aiki kuma yana da lambarsa ta kansa wadda ba ta motsi ko shafi ya koma ina, iri ɗaya a intanet da takarda. Na rubuta sanarwa a shafinmu cewa duk mai tsohon bugu da sabo kada ya haɗa su, lambobin shafi sun matsa, mutum ya ƙone saboda haka. Shugaban ya so a sa sunan kamfani kawai, na ƙi. A wurinmu wanda ya yi gyara shi yake sa sunansa a ƙarƙashinsa, na sa nawa lokacin da ake yabo, ba zan cire shi yanzu ba. Na aika wa Manajanku sanarwar da shafukan biyu kai tsaye.

Mai Walda in yana neman wanda zai daka, ga sunan nan ya gani. Ina nesa, rodinsa ba zai kawo nan ba. Kai dai ya rabu da kai.

Ko ba ka amsa ba, ina gaishe ka.

Auta.

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Matar yayanki ce. Ina fatan kina lafiya. Yara suna gidanmu wajen mahaifiyata, lafiyarsu lau. Gwaggo tana da rai, ta gurɗe a kafaɗa, goshinta ya sha ɗinki, amma tana tashi da kanta. Na fara da ita don na san ita za ki fara tambaya. Yayanki ba zai iya rubutu ba, daga asibiti nake rubuto miki, a kan gwiwata.

Ba fushi yake da ke ba, bai taɓa yi ba. Shi ya hana ni ɗaukar wayarki, yana cewa muddin sunanki bai fito ba Gwaggo tana cikin aminci. Ke kina nesa, amma uwarki layi biyu ne tsakaninta da shagon Mai Walda, kuma babu wanda bai san 'yar wace ce ke ba a unguwar nan. Na ce masa ya rubuta miki haka dalla-dalla, ya ce ke mai ilimi ce, za ki gane. Ku biyun nan kun ishe ni.

Manaja da ya sami takardarki kamar an ba shi kyauta. Ya ga hanyar da zai sauke laifi daga kan masaƙa, ya buga ta manya-manya ya manna a bakin get, har da sunanki da na mahaifinki. A satin ne aka kwance wa Bahago bandeji. Bai gani ba, Auta, duka biyun sun tafi.

Da azahar Mai Walda ya je gidan Gwaggo shi kaɗai. Da ta ji muryarsa ita ta buɗe masa da hannunta, tana yi masa sannu da zuwa, tana jawo masa kujera. Ya bi ɗakin da rodi. Talabijin, madubi, kwabar kwanuka, hotonki na gama makaranta da ke bango, bai bar komai ba. Ya ce ta kira ki, ki ji da kunnenki. Tsohuwa ta rikice ta kasa buɗe wayar, ya finciko ta a hannu ta faɗi ta bugu da bakin gado. Wata maƙwabciya ce ta rugo gidanmu ba ko takalmi.

Na riƙe yayanki a riga, rigar ta yage a hannuna. Da hannu a ɗaure a wuya ya yi gudun, ni ina binsa. Mun tarar da mutane cike a ƙofa ba wanda ya shiga, Gwaggo a ƙasa jini ya rufe mata fuska, mutumin yana tsaye a kanta. Yayanki ya ratsa ya shiga tsakaninsu. Bai ɗauki ko tsinke ba.

Ya ce, "Takarda ba ta buga gilashi ba. Ƙaninka ya ƙi, ni na tilasta shi. Abin da ka yi alkawari ga shi na kawo maka, ka rabu da tsohuwa."

Na ɗauka maganar za ta sanyaya shi. Ya tsaya kamar yana tunani, sannan ya juya rodin ya kawo ta gefen fuska da dukkan ƙarfinsa. Na ji ƙarar daga bakin ƙofa. Yayanki ya zube kan gwiwa, ya dafe wurin da hannun hagu, abu yana bin tsakanin yatsunsa. Mai Walda ya ɗaga rodin zai ƙara, sai a lokacin mazan layin suka tuna su maza ne, suka yi masa rubdugu suka danne shi. Yana hannun 'yan sanda, an ce ko gardama bai yi ba.

Ƙashin kuncin ya karye, idon hagu ya fashe, sun cire shi. Na daman yana gani. Ina jin haushinki, ba zan ɓoye miki ba, in na kalli fuskarsa sai in ji kamar in shaƙe ki. Na kuma san gaskiya kika faɗa, don ki cece shi kika yi. Duka biyun suna cikina, ban san wanda zai ci ba.

Ɗakin masu ciwon ido guda ne a asibitin, sai ga shi an kwantar da shi a gadon da ke kusa da na Bahago. Kwanakin farko ba wanda ya yi wa wani magana. Jiya da safe ina ba yayanki ruwa, Bahago ya juyo da fuskar nan tasa wajenmu, ya ce ya ji an ce akwai shafuka biyu, yana so a karanta masa. Na je bakin get ɗin masaƙa na ɓallo takardar na kawo. Na karanta masa sabon, na karanta masa tsohon, har da gargaɗin. 

Sai ya ce, "Ni na san ba shafin ba ne, Yaya. Na sani sarai. Ban dai taɓa ƙin allonka ba."

Yayanki ya miƙa hannun hagu ta tsakanin gadajen yana lalube, bai kai ba. Na ajiye kofin na tura gadon har ya kai.

Ki kira mahaifiyarki, ta ƙi cin abinci sai ta ji muryarki. Allah ya sa mu ga juna da sauran abin da ya rage mana.

Matar yayanki.